Littafin Da Ɗaliban Injiniya Ba Sa Buɗewa

Yau maganar 'ya'yanmu masu karatun injiniya za mu yi, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suke ko a Bayero ta Kano.

Karatun nan na shekara 5 ne, kuma kwasa-kwasansa a sarƙe suke. Yaro zai faɗi lissafin aji biyu, ya ce ai zai gyara a gaba. Ranar rajistar aji uku, da fom a hannunsa, sai a ce masa wani kwas ba ya ɗaukuwa sai ya ci wancan lissafin. Ta haka shekara guda ke salwanta, da kuɗin makaranta da na haya. Ga kuma dokar halartar aji: jami'o'inmu da dama na neman kashi 75 cikin 100 kafin a bar ɗalibi ya zauna jarabawa. Shi ma horon aiki na SIWES na aji huɗu, wata 6 a wajen aiki, ba hutu ba ne, maki ake bayarwa.

Abin da ke damuna, duk wannan yana rubuce a littafin ƙa'idojin sabbin ɗalibai, amma littafin yana ƙasan akwati. Iyaye, in yaro ya zo hutu, ku ce ya kawo takardar rajistar kwasa-kwasansa, ku duba sa hannun malamin da ke kula da ajinsu.