Jawabi a Bikin Yaye Matasan Maƙera da Masu Walda a Dirin Daji

Wakilin Mai Martaba Sarkin Zuru, Allah ya ja zamanin Sarki. Mai girma shugaban ƙaramar hukumar Sakaba, iyayenmu hakimai da dagatai, Sarkin Maƙera da jama'arsa, malaman da suka horar da waɗannan yara, iyaye mata da suka yi dakon wannan rana, jama'a baki ɗaya.

An ce in yi wa masu fita nasiha. Nasiha kuwa ga masu ita nan zaune a sahun gaba, sun fi ni furfura. Ni abin da na iya ƙarfe ne, don haka a kansa zan tsaya.

Duk manomin ƙasar nan, daga Makuku har iyakarmu da Rijau, ya san bakin garma ba ya daɗewa. Kafin damina ta yi nisa ya dakushe, ya siɗe, shanu na wahala, kunya ba ta tashi da kyau, sai a dawo wa maƙeri da ƙorafi wai ƙarfensa ba shi da kyau. Ranka ya daɗe Sarkin Maƙera, yau zan wanke ku. Laifin na yashi ne. A ma'aunin taurin da injiniyoyi ke kira Vickers, ƙarfen da aka gasa ya yi ja aka tsoma a ruwa ko baƙin mai yakan tsaya tsakanin 600 da 800. Ƙwayar yashin da ke cikin ƙasar gona kuwa ta kai wajen 1,000. Ko da ƙarfen sifirin mota aka ƙera garma, ko wane gwani ya ƙera ta, yashi ya fi ta tauri, kuma abin da ya fi tauri shi ke kankare ɗan'uwansa.

To, me ya fi yashi tauri? Dangin tangaran. Idan na ce tangaran kada hankalinku ya tsaya kan kofin shayi. Akwai wasu irinsa da ake samu idan sinadarin gawayi, wato kabon, ya haɗu da wani ma'adini a wuta mai tsanani, ana ce musu kabaid. Na kuromiyam ya kai wajen 1,500 a wancan ma'auni, na tungistin ya kai 2,000 ko fiye, na titaniyam yana kusan 3,000. Sai dai duk halinsu ɗaya da kofin: ba sa lanƙwasa, bugu ɗaya su tarwatse. Ƙarfe kuma yana shan bugu ya lotsa bai karye ba, amma gogayya na cinye shi. Dabarar ita ce a barbaza ƙananan ƙwayoyin tangaran a cikin ƙarfe, kamar tsakuwa a cikin kankare, ƙwayoyin su tare yashi, ƙarfen ya riƙe su ya shanye bugun.

Maƙeranmu sun daɗe suna taɓa gefen wannan ilimi da hannunsu. Ƙarfen da ke yin kaifi ya riƙe shi, kabon ɗin da ke cikinsa ne ya ba shi wannan hali, wani ɓangarensa ma a matsayin ƙananan ƙwayoyin kabaid yake zaune a ciki. Abin da masana'antu suka ƙara shi ne zaɓen irin ƙwayar, girmanta da yawanta. A 1923 wani Bajamushe, Karl Schröter, ya haɗa garin kabaid na tungistin da ƙarfen kobal ya gasa su suka zama dunƙule, kamfanin Krupp ya kai shi kasuwa a 1927. Jikokin wannan haɗi ne ɗan ƙaramin haƙorin da ke bakin abin huda bango na magina, da maɓallan da ke kan bakin injin haƙa rijiyar burtsatse. Daga baya aka yi irinsa da baƙin ƙarfe a madadin kobal, kamar Ferro-TiC, wanda ƙwayoyin titaniyam kabaid kan kai kusan kashi 45 cikin 100 na jikinsa, ana iya yanka shi a gyara shi yana da laushi, sannan a taurara shi.

Haɗin ba shi da sauƙi, kuma a nan nake so masu fita su buɗe kunne. Baƙin ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1,538 yake narkewa. In ka zuba garin titaniyam kabaid a narkakken ƙarfe, ya fi ƙarfen rashin nauyi, sai ya taso sama. Na tungistin kuwa ya kusa ninka ƙarfe nauyi, sai ya nutse ƙasa. Wasu ƙwayoyin, irin su alumina, narkakken ƙarfe ba ya ma son kama jikinsu, sai a bar 'yan ramuka a tsakani, daga nan tsagewa ke farawa. Shi ya sa manyan masana'antu kan bi ta hanyar gari: a cakuɗa garin ƙarfe da na tangaran, a danne da matsi mai ƙarfi, a gasa. Kuma kullum ciniki ne. Ka ƙara ƙwaya, tauri da juriyar gogayya su ƙaru, juriyar bugu ta ragu. Wanda ya cika hannu ya yi garmar da dutse ɗaya zai raba ta biyu.

Na san abin da wasu ke cewa a zuci: mu da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka soma tun 1979, har yau ba ta narkar mana da tama ba, ina mu ina wannan? Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Amma akwai ƙofar da ke buɗe gare ku tun gobe. Ana sayar da sandar walda ta musamman wadda idan ta narke take barin shimfiɗar ƙarfe cike da ƙwayoyin kuromiyam kabaid. Ba dukan garma za ku shafe ba, bakin kaɗai, inda ƙasa ke ci. Ku kankare tsatsa tukuna. In ƙarfen sifiri ne ku ɗumama shi kafin ku fara, in ba haka ba zai tsage a ƙarƙashin waldar. Kada ku cika wuta, don wuta mai yawa tana narkar da ƙarfen ƙasa ya surka shimfiɗar, taurin ya tafi. Shimfiɗa biyu ta isa. In kun ga 'yan siraran tsaga sun ratsa layin waldar a gicciye kada ku firgita, halin irin wannan sanda ne. Gefe ɗaya kawai za ku yi wa, domin gefen da ba a taɓa ba ya riƙa cinyewa da sauri, bakin ya ci gaba da wasa kansa. Hayaƙinta kuwa mugu ne, ku yi aikin a sarari, da garkuwar fuska, gilashin kwalliya ba ya kare ido.

Sandar tana da tsada, manomi kuma ba ya sayen labari. Saboda haka ga roƙona. Damina mai zuwa kowannenku ya ƙera bakin garma biyu daga ƙarfe ɗaya, ya yi wa ɗaya wannan shimfiɗa ya bar ɗaya, ya auna nauyinsu a sikeli ya rubuta, ya ba manomi ɗaya ya yi huɗa da su a gona ɗaya, bayan kaka a sake aunawa. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, wadda aka kafa a 2020, kusa da mu. Ina roƙon malamanta su karɓi waɗannan alƙaluma su tantance, ina kuma roƙon mai girma shugaban ƙaramar hukuma ya taimaka da kwalin sanduna na farko, tunda yaron da aka yaye yau jarinsa bai kai nan ba.

Ku kuma 'ya'yana, takardar da za a miƙa muku ba ta raba ku da zauren Sarkin Maƙera ba. Launin ƙarfe a wuta, da lokacin da ya kamata a tsoma shi, a wurin dattawan nan za ku ƙarasa koyonsa.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya ba ƙasar Zuru zaman lafiya manomi ya shiga gonarsa ba fargaba, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya ja zamanin Sarki.