Da Muguwar Rawa Gwamma Ƙin Tashi: Jawabi Kan Lalacewar Fayil a Aikin Tsara Magudanan Ruwa



An ba ni damar in yi magana a kan wata masifa da ke samun duk mai tsara magudanan ruwa da kwamfuta, wato lalacewar fayil da ɓacewar saiti. Zan kafa misalina da manhajar SWMM, wadda Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fara fitarwa a 1971, domin kyauta ake samunta, kuma da ita da yawa daga cikinmu suke koyon aikin.

Masifar nan iri biyu ce. Ta farko ita ce fayil ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi lissafi. Ita ce ke tsinka wa ɗalibi zuciya, alhali kuwa ita ce mai sauƙi. Sau da yawa sanadinta ɗaukewar wuta ce ana tsakiyar ajiye aiki, ko zare filashi kafin kwamfuta ta gama rubutu a kansa. Abin da ya kamata ku sani shi ne, ainihin aikinku yana cikin fayil mai ƙarshen suna inp, kuma rubutu ne zalla wanda Notepad ma yakan buɗe. Sauran, wato rpt da out, sakamakon lissafi ne kawai. In sun lalace a share su, a sake lissafi su dawo.

To, kada ku taɓa fayil ɗin da ya lalace sai kun yi kwafinsa. Sa'an nan ku karanta abin da manhajar ta ce, gama takan faɗi lambar kuskure da layin da ya auku. Kuskure na 209 yana nufin an ambaci wani abu, kamar mahaɗar bututu, wanda babu shi a cikin fayil. Galibi wani yanki ne ya yanke. Na 211 kuwa yana nufin an sa adadin da ba ta gane ba, kamar a rubuta waƙafi a wurin ɗigo. In kun kunna ajiyar kwafi tun farko, za ku tarar da fayil mai ƙarshen suna bak, wanda sauya masa suna kaɗai ya isa ya maido muku da aikin yadda yake a lokacin da kuka buɗe shi.

Masifa ta biyu ita ce abin tsoro, wato fayil ya buɗe lafiya lau, ya yi lissafi, ya ba da amsa, amma saitinsa ya sauya ba wanda ya sani. A farkon fayil ɗin inp akwai layin da ke faɗin irin ma'aunin da ake aiki da shi. Idan layin nan ya ɓace, manhajar takan koma ma'aunin Amurka ba tare da ta sauya adadi ko ɗaya ba. Bututun da ka ce faɗinsa mita 1 sai ta ɗauka ƙafa 1 ne, hekta ta zama eka, milimita na ruwan sama ya zama inci. Haka kuma akwai layin da ke nuna ko tsayin bakin bututu daga ƙasan mahaɗa aka auna shi, ko daga ma'aunin tsayin ƙasa baki ɗaya. In wannan ya juya, gangaren bututu ya tashi daga yadda aka tsara shi. Daɗin daɗawa, akwai ƙaramin fayil mai ƙarshen suna ini da ke riƙe da adadin da ake ba kowane sabon bututu. Wanda ya kai wa abokinsa inp ya bar ini, duk bututun da abokin ya ƙara zai ɗauki adadin da ba nasu ba.

Maganin wannan yana cikin kan injiniya da alƙalaminsa. Ka rubuta saitinka a littafi tun ranar farko: ma'auni, ƙarfin ruwan sama, da adadin Manning, wanda na kankare yakan kama wajen 0.013. Ka duba kuskuren daidaiton ruwa a rahoto. Littafin manhajar ya yi gargaɗi cewa in ya wuce kamar kashi 10 cikin 100, kada a amince da amsar. Sa'an nan ka gwada da hannu. Misali, fili mai hekta 2, kashi 60 cikin 100 na ruwansa yana gudu, ruwan sama milimita 90 a awa: ka ninka 0.6 da 90 da 2, ka raba da 360, ka sami kubik mita 0.3 a daƙiƙa. In amsar kwamfuta ta yi nesa da wannan, to akwai magana.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu sa hannu a takardun nan a ma'aikatun ayyuka. Fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa kwana ɗaya ko biyu zai ci maka. Wanda ya buɗe da ƙarya kuwa, da shi za a zuba kwalbati, kuma ba za a gane ba sai ruwan Agusta ya shiga ɗakunan mutanen da ba su taɓa jin sunan manhajar ba. Su ne za su biya, da katangarsu da hatsinsu.