AMANAR YARA A HANNUN 'YAN AGAJI DA MALAMAN ISLAMIYYA

(Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a taron 'yan agaji, malaman Islamiyya da kwamitocin marayu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, wanda aka yi a Ɗansoshiya.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. 

Mas'alar da aka ɗora mini mas'ala ce mai nauyi a baki, wadda kunya takan hana mu ambatonta a kan mumbari. Amma kunyar da ke hana faɗin gaskiya rauni ce kawai. Mas'alar ita ce: yaya za mu kare yaran da ke hannunmu daga cutarwar wanda yake cikinmu, musamman fyaɗe da lalata?

Daga Tiga har zuwa Riruwai, Islamiyyoyinmu da kwamitocin marayunmu duk a kan sa-kai suke tafiya. Duk wanda ya zo ya ce zai koyar saboda Allah, murna muke yi, mu miƙa masa alli da aji. Uwa kuwa takan sako 'yarta bayan magariba hankalinta kwance, domin ta ji an ce makarantar addini ce. Wannan amincewa ita ce jarinmu, kuma ita ce ƙofar da azzalumi yake nema, domin ya san inda yara suke taruwa, ya san inda ba a tambaya.

Kada wani ya ce wannan ba ya faruwa a irin wurarenmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu ɗaure da mari, kuma hukuma ta ce an yi lalata da wasunsu. Iyaye ne suka kai su da hannunsu don neman tarbiyya. A birnin Kano, a Disamba 2021, an sace yarinya 'yar shekara 5 a kan hanyarta ta komawa gida daga Islamiyya, aka kashe ta. Wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a Yuli 2022 shi ne mai makarantar bokon da take zuwa, wato mutumin da ta sani, iyayenta suka yarda da shi. A Amurka ma, ƙungiyar 'yan sikawut, wadda ita ma da 'yan sa-kai take aiki, ta kai kanta kotu a kan karayar arziki a 2020, sannan mutane fiye da 82,000 suka shigar da kokensu cewa an lalata su suna yara a cikinta. Ta shafe shekaru tana ajiye sunayen waɗanda ake zargi a asirce don kare sunanta, ƙarshe sunan ya zube, yaran kuma ba su tsira ba.

Wani zai ce, ashe ba a umarce mu da kyautata zato ga Musulmi ba? Na'am, an umarce mu. Sai dai kyautata zato aikin zuciya ne, tsari kuwa aikin shugabanci ne, kuma ɗaya ba ya kore ɗaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana raka matarsa Safiyya (R.A.) da dare, sai wasu mutum biyu daga Ansar suka wuce, ya tsayar da su ya sanar da su cewa matarsa ce. Idan mafi tsarkin halitta ya toshe ƙofar zargi da kansa, wane ne ni, wane ne kai, da za mu ji haushi don an ce mu bar ƙofar aji a buɗe? Saboda haka ga matakai biyar da nake ba kowane reshe shawarar ya rubuta, ya karanta wa iyaye.

Na farko, tantancewa. An ruwaito cewa wani ya yabi wani mutum a gaban Umar (R.A.), sai Umar ya tambaye shi ko sun yi maƙwabtaka, ko tafiya, ko ciniki tare. Da ya ce a'a, Umar ya nuna masa bai san mutumin ba. Kada a ba kowa aji don kyan ƙira'arsa kaɗai. Ya kawo shaidu biyu da suka zauna da shi, a tambayi mai unguwarsu, a kuma aika makarantar da ya baro a ji dalilin barinsa.

Na biyu, babu keɓancewa. Kada babba ya keɓe da yaro, namiji ko mace, ko da shugaban reshe ne. A daina aiken ɗalibai ɗakin malami don shara ko kai abinci. Islamiyyar dare ta sami fitila da mai zagayawa. Idan za a tafi musabaƙa ko wa'azi da kwana, manya biyu su raka yara, malamai mata su kula da 'yan mata, kuma a raba wurin kwana.

Na uku, marayu. Maraya ya fi kowa rauni, domin yana tsoron in ya yi magana a yanke masa tallafi. A damƙa hatsi da kayan Salla ga uwa ko mai riƙo a gaban mutum biyu, a rubuta. Kada a ce yarinya ta je gidan wani ita kaɗai ta karɓo.

Na huɗu, a koya wa yara. Suratun Nur, aya ta 58, ta koya wa yara neman izini a lokuta uku, kuma hadisin Abu Dawud ya yi umarni da raba musu shimfiɗa a shekara 10. Addinin da ya kula da wannan bai hana mu gaya wa yaro cewa al'aurarsa amana ce ba, cewa ba wanda ya isa ya taɓa ta, kuma duk wanda ya ba shi kyauta ya ce kada ya faɗa a gida, to ya faɗa. A kuma rage bulala, domin yaron da ya saba da duka ba ya kawo ƙara.

Na biyar, idan abin ya faru. Kowane reshe ya naɗa malama ɗaya da dattijo ɗaya waɗanda yara suka san za su iya zuwa wurinsu. Idan yaro ya yi magana, a saurare shi, kada a tsawata masa. A garzaya da shi asibiti, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. An kafa cibiyar Waraka a Kano don irin wannan. A dakatar da wanda ake zargi, a kai magana ga 'yan sanda. Dakatarwa ba hukunci ba ce, kuma ba mu yarda a ɗauki doka a hannu ko a yi wa kowa ƙazafi ba. Bincike na hukuma ne, kuma tun 2023 Jihar Kano tana da dokar kare yara.

A nan ne Shaiɗan yake shigo mana da rigar nasiha, ya ce a rufa asiri, kada maƙiya su yi mana dariya. Sai a zauna a zaure a sasanta, a sallami mutum a asirce, ya tashi daga Kiru ya koma Doguwa a ba shi wani ajin. Ya 'yan uwa, wanda ya cancanci sutura shi ne yaron: a ɓoye sunansa, a kiyaye mutuncin gidansu. Amma gargaɗi game da mai cutarwa ba giba ba ce, Imam Nawawi ya lissafa shi cikin wurare shida da aka halatta. Kuma lokacin da Usama ɗan Zaidu (R.A.) ya nemi sassauci ga matar Banu Makhzum da ta yi sata, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fushi, ya bayyana cewa ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni shi ya halaka al'ummun farko. Mun ga abin da shiru ya haifar a Kwanar Dangora, inda a 2020 'yan sanda suka ce mutum ɗaya ya afka wa mata kimanin 40 cikin shekara guda kafin a kama shi.

Kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ina roƙon shugabannin rassa, kafin taronmu na gaba, kowa ya zauna da malamansa da iyayen yara a kan waɗannan matakai, ya fara aiwatar da su a kan kansa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya tsare su daga sharrin azzalumai, Ya ba mu ikon sauke amana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.