Abin da ke sa saƙa ta naɗe, da maganinsa

 

An ce in yi magana a kan saƙar kwarashi, tunda da ita muke tara wa asusun ƙungiya kuɗi. Matsala ɗaya zan ɗauka, wato saƙa ta ƙi kwanciya. Mai saye a nan Ingila sai ta shimfiɗa abu a tebur ta duba kafin ta ciro kuɗi. In bakin bargon jariri ya naɗe, ajiyewa za ta yi ta wuce, kuɗin zare da aikin sati biyu sun tafi a banza. Yawancinmu guga muke fara tunawa, alhali matsalar tana cikin lissafi da riƙon zare.

Mu fara da saƙa mai zagaye, irin wadda ake ɗora kofi ko kwano a kai. So muke ta kwanta kamar faifai. In ta tashi kamar ƙoƙo, idanun saƙar sun yi kaɗan. In bakinta ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganyen latas, sun yi yawa. A gajeriyar saƙa, ki fara da ido 6, kowane zagaye ki ƙara 6: 12, 18, 24. A doguwa, wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka, ki fara da 12 ki riƙa ƙara 12, domin tsawonta ya ninka, da'irar ta fi saurin faɗi. Masu saƙa hular jarirai sun san wannan ko ba a faɗa ba: da zarar an daina ƙari, faifai ya fara zama hula.

A nan ne zaman Ingila ke yi mana tarko. Abin da Amurkawa ke kira singul, Turawan Ingila dabul suke ce masa. Dabul ɗin Amurka kuwa a nan sunansa tirebul. To ga wadda ta koya a YouTube wurin Ba'amurkiya, sannan ta sayi littafin saƙa a kantin unguwa. Littafi ya ce dabul 6, ita kuma ta saƙa doguwa guda 6, dole ƙoƙo ya fito. Ki duba takardar tun farko. In kin ga singul a ciki, ta Amurka ce, don Ingila ba ta da wannan sunan.

Sai saƙa mai layi-layi, kamar bargo da shawul. In ƙasan ya lanƙwashe kamar baka, sarƙar farko ce ta matse. Zaren da aka rubuta DK a jikinsa yawanci da kwarashi mai milimita 4 ake saƙa shi, to ki yi sarƙar da mai 5, sannan ki koma mai 4. Wadda hannunta ke da tsauri, musamman ranar da aka ɓata mata rai a wurin aiki, gara ta ƙarasa aikin duka da babban. Ki riƙa ƙirga idanu a ƙarshen layi. Gajeriyar saƙa kuwa halinta ne ta naɗe a kusurwa, sai a zagaye ta da baki, a sa ido 3 a kowace kusurwa.

Bayan an gama, zaren auduga ko ulu na gaske sai a jiƙa, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a kafe da fil har ya bushe. Da hunturu zai iya kwana biyu, ki haƙura, kada ki rataya shi a kan hita. Zaren roba, wanda muka fi saya don arha, tururi yake so. Ki riƙe dutsen guga sama da shi kaɗan, in ya taɓa zai narke, kuma ba ya gyaruwa. Amma in lissafi ne ya ɓaci, wankin farko zai tona asiri, warwarewa kawai za a yi.

Taro mai zuwa kowa ta zo da kwarashi biyu da abin da ya ƙi kwanta mata, mu ƙirga tare.