Wasa Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



An nemi in yi magana a kan ci gaban ƙasar Haɗeja, amma ina neman afuwa, a kan wasa zan yi. Ba gasar da ake kafa wa kwamiti a ba da kofi nake nufi ba. Ina nufin wasan da ba a sa masa rana, ba a kuma jiran riba daga gare shi.

Duk wanda ya tashi a Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa ko Guri ya san yadda magidanta kan taru a inuwa bayan la'asar, su haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, a buga dara. Masunci ya tsokani mahauci, Bafulatani ya tsokani Babarbare, taubasai su bi juna kuɗin shara a watan Muharram.

Wannan ba shiririta ba ce. Maganar da ta yi nauyin faɗa a zaure, a bakin dara ake sakinta cikin raha, mai laifi ya ji ya gyara ba tare da an ci masa fuska ba. A nan ake lura da wanda ya kwana biyu bai fito ba, a je a dubo shi. Ga mai ganin wasa zubar da girma ne, ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha.

To, mu da ke Kano, Kaduna, Abuja da Legas fa? Mu fita da asuba, mu dawo bayan isha'i, ɗan lokacin da ya rage waya ta cinye. Ba ma haɗuwa sai a ɗaurin aure, ta'aziyya, ko taro mai ajanda. Shi ya sa ƙaramin saɓani a kan kuɗin ƙungiya kan shekara bai mutu ba, domin babu inda za a yi dariya a wuce wurin.

Kogin Haɗeja ya ishe mu darasi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, aka ƙayyade wa ruwa tafiyarsa, sai kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyinsa. Haka zumunci yake toshewa idan komai sai an tsara shi.

Shawarata ita ce, kowane reshe ya ware yammaci ɗaya a wata: babu ajanda, babu karɓar kuɗi, babu babban tebur. A shimfiɗa tabarma, a dafa shayi, a buga dara. Mata su ma su sami nasu zaman, a kuma zo da yara su san taubasansu. Sharaɗi biyu ne kawai: ban da caca, kuma in an kira salla a tashi.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.