Ruwan Neja Delta a Alƙalamin Ɗan Kaltungo

A 2010 Helon Habila, ɗan Kaltungo ta jihar Gombe, ya fitar da littafinsa Oil on Water. 'Yan jarida biyu ne suka shiga kwalekwale cikin rafukan Neja Delta, suna neman matar wani Bature injiniyan mai, wadda aka sace. Abin da suka tarar ya fi satar muni: kifaye sun mutu, rijiyoyi sun gurɓace, ƙauyuka sun zama kufai. Wurin da ya fi sosa mini rai shi ne labarin dagacin da ya ƙi sayar wa kamfani ƙasar kakanninsa. Aka kama shi, gawarsa ce ta dawo gida. Habila bai wanke sojoji ba, bai kuma wanke tsagerun Neja Delta ba.