Garaɓasar Intanet: Ka Ga Kaya Kafin Ka Tura Kuɗi

 Da zarar Nuwamba ta ƙarato na san abin da ke cika wayoyinku: an zabge rabin kuɗi, saura awa uku a rufe, saura guda biyu kaya su ƙare. Kakar Black Friday ke nan, al'adar 'yan kasuwar Amurka ta Juma'a guda a ƙarshe-ƙarshen Nuwamba, wadda Jumia da Konga, da aka kafa su duka a Legas a 2012, suka ja ta har ta koma makonni. Ga AliExpress, ga Temu da ta shigo mana a ƙarshen 2024. Ba na hana kowa neman sauƙi a wannan marra ta tsadar rayuwa. Abin da nake so mu fahimta shi ne, lambar da aka ja wa layi a kan allon waya ba ta nuna araha. Kayan da ya iso hannunka lafiya, ya yi aiki da irin wutar da muke da ita, kuma ka san wanda za ka kama in ya lalace, shi ne ya yi araha.

Mu fara da lambar nan da aka soke. Misali, an rubuta waya naira 250,000, an soke, an mayar 160,000. Wa ya rubuta 250,000 ɗin? Mai kaya ne. Kai kuwa ba ka san ko ya taɓa sayar da ita a hakan ba. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, farashin kayan lantarki bai zauna wuri ɗaya ba, har mutane suka daina sanin ainihin kuɗin abu. A irin wannan ruɗani kowace lamba aka nuna maka sai ka gaskata. Maganin abin kuwa ƙafarka ce. Ka rubuta sunan wayar da lambar samfurinta da girman ma'ajiyarta, ka shiga Babbar Kasuwar Jimeta ka tambayi shago uku, in kana da ɗan'uwa a Kano ya taya maka a kasuwar Farm Centre. Sai ka ɗora kuɗin kawowa a kan farashin intanet, don daga Legas zuwa Yola ya haura kilomita 1,000, kuma a aljihunka za a cire kuɗin motar. Sau da yawa in ka haɗa lissafin za ka tarar rangwamen ya narke, abin da ya rage bai kai ladan jiran mako biyu ba.

To amma wannan duk mai sauƙi ne, iyaka ka sayi abu da ɗan tsada. Abin da ke hana ni barci shi ne tura kuɗi kafin ganin kaya. Shafi ne a Facebook ko Instagram ko TikTok, hotuna tsaf-tsaf, mabiya dubbai, iPhone a kuɗin Itel. Ka yi magana, a ce ka koma WhatsApp, a turo maka lambar asusu da sunan wani mutum daban, a ce ka tura rabi a saka maka a mota. Ka tura, gobe a ce direba na neman kuɗin lodi, jibi a ce kwastan sun tare, rana ta huɗu lamba a kashe. Haba jama'a! Wane ne a cikinku zai biya kuɗin sa a kasuwar Ngurore bai shafa bayansa ba, bai buɗe baki ya duba haƙori ba? To me ya sa in aka zo kan waya sai mu tura albashin wata guda ga wanda ko muryarsa ba mu sani ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Jiji ma, da ke haɗa mai saye da mai sayarwa, da kansu suke gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Iyayena mata, ku da ake yawan zubawa cikin zaurukan WhatsApp na kayan kicin da injin markaɗe, da ku nake musamman. Yawan mutanen da ke cewa kayansu sun iso bai zama hujja ba, mutum ɗaya da layi biyar ya isa ya cika zaure da godiya. Kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar sirri da banki ya turo maka, ko lambar BVN, wai zai mayar maka da kuɗin rangwame, ɓarawo ne, ka kashe wayarka.

Wani zai ce, Malam, ai maƙwabcina ya saya ta intanet kuma ya dace. Gaskiya ne, da yawa sun dace, kuma akwai rangwame na gaske, musamman in kamfani zai fitar da sabon samfuri yana so ya kwashe na bara. Amma ka tambayi maƙwabcin naka ta ina ya saya. Galibi za ka ji ta cikin manhajar babban kanti ne, inda kuɗi ke shiga asusun kamfani, akwai rasit, akwai kwanakin mayar da kaya, wani lokaci ma sai kaya sun iso ake biya. Ko a can ɗin sai an lura, domin yawancin kayan na 'yan kasuwa ne daban-daban da suka kafa rumfa a ciki. Ka duba tun yaushe mai kayan yake sayarwa, ka karanta koken waɗanda suka ba shi tauraro ɗaya kafin yabon masu ba shi biyar. In ya ce ku fita daga manhajar ya rage maka wani abu, ya fitar da kai daga inuwa ke nan.

Wani kuma zai ce a kasuwar Jimeta ma ana sayar da jabu, kuma sun fi tsada. Ban musa ba. Bambancin dai, mai shago yana nan gobe, yana da maƙwabta, yana da shugabannin kasuwa da za ka kai ƙara gare su, yana jin kunyar a tara masa jama'a. Ɗan abin da ya ɗora maka, kuɗin wannan ne ka biya. Akwai kuma masu cewa ɗan kasuwa na gaskiya ma yana tsoron ya aiko kaya a ƙi karɓa. Tsoronsa na kan hanya, amma ba kai kaɗai za ka ɗauki kasadar ba. A samu wani amintacce a garin da kayan suke, ya je ya gani da idonsa, ya kunna, sannan a biya. In mai kaya ya ƙi yarda da wannan, ka riga ka samu amsarka.

In kaya sun iso, kada ɗoki ya sa ka sallami ɗan aike. Ka buɗe a gabansa, wani na ɗaukar bidiyo. In waya ce ka danna *#06#, lambar IMEI da ta fito ta zo daidai da ta jikin kwali. In iPhone ce ta hannu, ka tabbatar an cire asusun iCloud na mai ita na farko, in ba haka ba ka sayi abin da ba zai buɗu ba, kuma wataƙila ta sata ce, gobe 'yan sanda su biyo sawu har ƙofar gidanka. Fawa bank da aka rubuta wa ƙarfin 50,000 amma nauyinsa bai kai na waya ba, ƙarya ce. Ko na gaske mai 20,000 ba duka yake ba wayarka ba, wajen kashi biyu cikin uku ne ke shiga, sauran na tafiya wajen juya wutar. Memori kuwa, akwai wanda zai nuna 128 alhali cikinsa bai wuce 8 ba, sai ka zuba hotunan biki ka wayi gari babu su.

Sai kayan gida na zamani da samari ke rububi, ƙwan fitila da ake kunnawa da waya, kyamarar tsaro, makullin ƙofa mai karanta yatsa, soket mai jin magana. Abin sha'awa ne, amma an ƙera su ne don gidan da wuta da intanet ba sa yankewa. Kowa a nan ya san yadda muke da wutar YEDC. Kyamarar da ba ta da batir ko sola, ana ɗauke wuta ta makance, kuma lokacin ne ɓarawo ke shigowa. Da yawansu sai da wayifai a gida dare da rana, ka lissafa kuɗin data na wata-wata a cikin farashin. A duba ƙarfin wuta kuma: tamu 230 ce, ta Amurka 120, kayan da aka yi don can kaɗai kana jonawa zai ƙone, babu kuma wanda zai biya ka. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, batir mai arha kumbura yake yi. Ƙannena ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama, na san ku da son sabon yayi, amma kafin ka sayi abu ka tambayi masu gyara a Jimeta ko suna da kayan gyaransa. Abin da ya sa Tecno da Infinix da Itel suka cika hannun mutane ke nan, gilashinsu da batirinsu na samuwa a ko'ina. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

In kuma ƙaddara ta riga fata ka riga ka tura, kada kunya ta sa ka yi shiru, don da shirun nan suke samun na gaba. A ranar, ba gobe ba, ka je bankinka da shaidar tura kuɗin ka shigar da koke a rubuce, domin ana iya riƙe kuɗin ne kawai in ba a kwashe su ba. Kada ka goge hirarku, ka ɗauki hoton shafin da lambar asusun, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. In kuwa kamfani mai rajista ne ya aiko maka da abin da ba shi ka saya ba kuma ya ƙi karɓa, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar koke ta intanet. Za su nemi rasit da lambar oda, saboda haka a adana su tare da kwalin har kwanakin garanti su cika.